Alamin Taharƙa, Mai Zanen Ruwan Nguru

Ranar kasuwa ce, amma Malam Alamin bai shimfiɗa tabarmarsa a bakin rumfar 'yan gero ba. Tun da hantsi yana tsugune a kan wata tsohuwar kwalbati da ke bakin tafkin Nguru, ya naɗe hannun riga, yana laluben jikin siminti a ƙarƙashin ruwa. Wani zane yake nema, wanda ya yi da hannunsa shekarun baya, wanda ya fi duk sauran zanensa tashi sama. Jiya da la'asar zanen yana saman ruwa da yatsa biyu. Yau sai da ya nutsa hannu ya wuce taƙi guda kafin ya taɓa shi. Ya ciro hannun, ya dubi ruwan da ke ɗiga daga yatsunsa, ja wur kamar an dama jar ƙasa. Ya san inda ruwan nan ya nufa. Gashuwa ya nufa, kuma a Gashuwa, a unguwar da ke bakin kogi, 'yarsa ta fari take aure.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Nguru ya san tsohon nan, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn da ke ɗinke bakin buhu da basilla, ba ya ɗaga kai, ba ya ciniki a kan ladan ɗinki. Kakansa daga Haɗeja ya zo, ubansa ɗan dako ne a tashar jirgi zamanin da ake jera buhunan gyaɗa har su yi tudu. Shi kuwa Alamin yana da shekara ashirin da 'yan kai ya bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa. Guzuri ya ƙare masa a Sudan. Ya yi ta bin aiki daga wannan gari zuwa wancan har jirgin ƙasa ya sauke shi a Karima, a bakin kogin Nilu, garin da dogo ya ƙare a cikinsa kamar yadda ya ƙare a Nguru. Shekara bakwai ya yi a can. Makka dai bai gan ta ba har yau, abin da ya sa abokan wasansa suke kiransa Alhajin Karima, shi kuma ya ce musu ko Karimar ma ba su taka ba.

A can ya sami aikin kwasar yashi a wurin masu haƙar kayan tarihi. Kwando a ka, daga safe har rana ta take. A ƙetaren kogi akwai wani wuri, Nuri, inda dalar dutse take tsaye da 'yan'uwanta, kuma ranar da ya fara ganinsu sai ya tuna jerin gyaɗar ubansa. Cikin masu kula da aikin akwai wani malamin tarihi ɗan ƙasar, Ustaz Haidar, mutum mai son magana wanda ba ya raina mai sauraro. Shi ne ya nuna masa babbar dalar, ya kira shi yadda mutanen can suke kiran mutum, ya ce, "Ya zol, wannan kabarin Taharƙa ne. Baƙin mutum ne kamar ni da kai, ɗan ƙasar Kush. Ya mulki nan, ya mulki Masar har bakin teku, shekara ashirin da shida, tun fiye da shekara dubu biyu da ɗari shida."

Abu biyu Alamin ya riƙe daga labarin sarkin, kuma su ne suka bi shi gida. Na farko, a shekara ta shida ta mulkin Taharƙa an yi ruwa a Kush, Nilu ya cika ya tumbatsa irin cikar da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ustaz Haidar ya ce can arewa, a jikin katangar wani mashigin jiragen ruwa, mutanen zamanin suna zana inda ruwa ya tsaya a shekara, su rubuta sunan sarki a gefe, kuma zanen Taharƙa yana nan har gobe. Na biyun shi ne mai ɗaci. Da Assuriyawa suka zo da yaƙi suka ci birnin Memfis, sarkin ya tsira ya yi kudu, amma matarsa da ɗansa mai jiran gado aka kama su aka tafi da su. Alamin ya tambaya ko ya sake ganinsu. Ustaz Haidar ya girgiza kai ya ce babu inda aka ce ya sake.

Da ya dawo Nguru, daminar farko ya ɗauki wata basilla da ta dakushe ya je kwalbatin nan ya karce inda ruwa ya tsaya. Bana haka, baɗi haka, har shekara talatin da biyar. Bai rubuta sunan kowa a gefe ba, don ba shi da sarkin da zai rubuta. Mutane suka yi ta tsokanarsa. Wani malamin unguwa har ya taɓa tare shi ya ce, ina Musulmi ina koyi da Fir'auna? Alamin ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba shi ne na Annabi Musa ba, tsakaninsu da nisa. Kuma ni ba addininsa na ɗauko ba, awon ruwa na ɗauko." Sunan dai ya bi shi. Alamin Taharƙa, haka 'yan kasuwa suke cewa, wasunsu ma sun zaci sunan wani ƙauye ne. Amma masu dariyar su ne dai in damina ta yi nisa suke ratsowa rumfarsa da 'yar murya su ce, "Yaya ruwan namu?" Ya lura da abin da babu wanda ya zauna ya lura da shi. In ruwa ya kai zane kaza a Nguru, kwana uku ko huɗu sai labari ya zo daga Gashuwa cewa kogi ya hau.

To, akwai wani abu game da Malam Alamin da kowa ya sani kuma ba wanda ke ganin baƙonsa. Bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba. Suwaibatu sunanta, amma a bakinsa "yarinyar nan" ce, da ta yi aure kuma ta zama "ta Gashuwa". Kunyar ɗan fari ke nan, haka ya taras a gidansu. 'Yan bayanta ya ɗauke su, ya goya su a kafaɗa, ya kai su kallon jirgi. Ita kuwa ko ido ba ya haɗawa da ita. In ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon buhu. Gidan aurenta bai taɓa taka ƙofarsa ba cikin shekara goma sha huɗu. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Duk cikin 'ya'yansa babu wadda ke hana shi sukuni in an ce ba ta da lafiya kamarta. Sai dai duk abin da yake son gaya mata, matarsa Maijidda yake gaya wa, ita ta isar. Maijidda kuma ta rasu bara da azumi, ta tafi da hanyar.

Akwai kuma tsohon tabo. Shekara huɗu da suka wuce ruwa ya hau a kwalbati, Alamin ya sa Maijidda ta buga waya ta ce a yanke shinkafa. Mijin Suwaibatu, Laminu, manomin shinkafa da tattasai, ya girmama maganar suruki ya yanke gonarsa tana ɗanya. Ruwa bai zo ba. Ashe ciyawar kachalla ce ta toshe hanyar ruwa, ya taru a Nguru bai wuce ba. Da aka buga shinkafar, rabi ƙaiƙayi. Maƙwabtan Laminu suka girbe tasu cikakkiya suna yi masa jaje da dariya a ciki. Laminu ya ci gaba da aiko da gaisuwa kamar kullum. Amma Alamin ya ji labarin cewa a wannan shekarar Suwaibatu ta sayar da akuyoyinta, kuma bai iya buɗe baki ya ce mata ta yi haƙuri ba.

Yanzu ga shi tsugune da jan ruwa a hannu. Wannan ba na kachalla ba ne. Ruwan kachalla a hankali yake hawa, yatsa ɗaya a yini, baƙi, mai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Wannan ya hau fiye da taƙi a ƙasa da yini guda, yana gudu, yana ɗauke da karan dawa. Ga shi masu kawo kifi sun ce kogin da ke zuwa daga wajen Katagum ma ya ɓalle, Gashuwa kuwa da shi da na Nguru duka take sha, ba sai an jira kwana uku ba. Ya ciro 'yar wayarsa ya kira Laminu.

"Wushe, Baba. An tashi lafiya?" in ji Laminu, da irin gaisuwar mutanen can.

"Malam, ruwa ya rufe babban zane. Ku fitar da iyali yau, kada ku kwana."

Ana jin hayaniyar maza da ƙarar shebur a bayan Laminu. "To, Baba. Allah ya saka. Muna nan kan jinga muna ƙara buhuna. In sha Allahu za ta riƙe."

"Ba za ta riƙe ba."

"To, Baba. Mun ji."

Wanda ya san mutanenmu ya san wannan "to" ɗin. Ba ta nufin komai sai a rabu lafiya. Alamin ya duba wayar, lambar Suwaibatu tana ciki, Maijidda ce ta sa masa, an rubuta Gashuwa. Ya daɗe da ɗan yatsa a kanta. Me zai ce? Ta waya ma "to" za ta ce. Ya mayar da wayar aljihu, ya nufi tasha ko gida bai biya ba.

Motar ta cika da 'yan kasuwa masu komawa. Tafiyar da aka saba yi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ta ci kusan uku, saboda wurare biyu ruwa yana tsallake kwalta, direba ya sauke fasinja su taka da ƙafa. Alamin ya tattare wando ya shiga. Ya ji yadda ruwan ke jan ƙafarsa gefe guda, ya ƙara sauri. Wani fasinja da ya gane shi ya ce, "Taharƙa, yau kuma ina aka nufa da basilla?" Alamin ya ci gaba da tafiya. Abin da ke yawo a ransa shi ne sarkin nan da ya bar wa duniya zanen ruwa da gine-gine da dala mafi girma a ƙasarsa, amma ranar da ta ɓaci ya waiwaya bai ga ɗansa ba. Shekara da shekaru yana ba mutane labarin zanen. Rabi na biyun bai cika faɗa ba, don ba ya son sa.

Bayan azahar ya isa. Bai tambayi gidan ba tukuna, jinga ya nufa. Tudun ƙasa ne da mutanen unguwa suka tayar tsakaninsu da kogi, an jera buhunan yashi a kai, maza sun fi hamsin suna aiki, kowa caɓo har ƙugu. Ido na mai ɗinkin buhu ya fara ganin abin da ya gani: an cika buhunan tim, an ɗaure baki da igiya maimakon a ninke, don haka ba su kwanta a kan juna ba. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Ya sauka ta bayan jingar, ɓangaren gidaje, ya ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga gindinta a wuri uku, kuma ba garau yake fitowa ba, da laka yake fitowa. Ruwan yana cin jingar ta ƙasa.

Laminu ya hango shi, shebur ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya zo da sauri ya durƙusa a cikin caɓo. "Baba! Da kanka?"

Alamin ya nuna masa maɓuɓɓugar da baki. "Ka gani?"

"Tun safe take haka. Za mu danne ta."

"Wancan karon na yi kuskure, kuma kai ka biya. Na sani. Yau ban yi kuskure ba."

Laminu ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai kirki, amma idon abokan aikinsa yana kansa, kuma cikinsu akwai waɗanda suka yi masa dariya shekara huɗu da suka wuce. "Baba, ni ba zan bar nan ba, in na tafi wasu ma za su bi. Ita kuma da safe na ce ta kai yara wurin yayata a kan tudu, ta ce ba inda za ta, ga tattasanta da ta shanya ta tara, ga irin shinkafa. In ta yarda, ku tafi da ita. Na ba da izini." Ya faɗi haka ne da sauƙin zuciya, domin ya san surukinsa. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar gidan ba, yau ne zai je ya yi mata magana?

"Wanne ne gidan?" in ji Alamin.

Laminu ya ɗago ya dube shi sosai. Sannan ya nuna. "Mai koren ƙyaure, kusa da darbejiya."

Lungun shiru. Rabin gidajen an kulle, masu su sun kwashe. Ya duba ko zai ga wata mace ya aika ta ciki, babu kowa sai kaji a kan katanga. Ruwa siriri ya riga ya fara bin kwata yana hawowa maimakon ya sauka. Ya tsaya a bakin zauren, gidan ƙasa ne, gindin katangar ya jiƙe ya yi baƙi. Ya yi sallama. Shiru. Ya sake da ƙarfi.

"Wa alaikumus salam. Maigidan ba ya nan." Muryarta ce, daga can cikin gida. Muryar Maijidda sak.

"Masu gida," ya ce. "A fito da yara."

Ya ji takun ƙafa ya matso har bayan katangar zaure ya tsaya. "Baba? Kai ne? Lafiya? Sannu da zuwa, bari in kawo ruwa."

"Ba ruwa na zo sha ba. A fito da yara, jinga za ta fashe. Maigidan ya yarda."

"To, Baba." Sai kuma ta ƙara, a hankali, da ladabi, amma kowace kalma da nauyinta. "Sai dai wancan karon ma haka aka aiko. Tattasan nan shi ne abincinmu na shekara. In na bar shi, ko ruwa bai zo ba, ɓarayi za su zo. A bari mu ga gobe."

"Aka aiko", haka ta ce. Maganar ta soke shi, domin gaskiya ce. Duk rayuwarta aike take samu daga gare shi. Bai taɓa ce mata komai ba da za ta riƙe ta ce Baba ne ya gaya mini. Daga wajen kogi aka kwarma ihu, muryoyi da yawa a lokaci guda, sannan ƙarar shebur ta ƙaru. Ya dubi ƙasa. Ruwan kwata ya taɓa takalminsa.

Ya cire takalmin, kamar mai shiga masallaci, ya ratsa zauren. Tana tsaye da tsintsiya a hannu, mace mai shekara talatin da uku, da goyo a baya da 'yan mata biyu riƙe da zanenta. Ya ɗaga kai ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun tana tsumma.

"Suwaibatu," ya ce. "Suwaibatu, ɗauko mayafinki. Ni na ce."

Tsintsiyar ta faɗi. Ba ta ce "to" ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da ƙullin takardun yara. Ta dubi buhunan tattasai goma sha biyu da ke jingine a rumfa sau ɗaya, ta kawar da kai. Shi ya saɓi ƙaramin buhun iri a kafaɗa, ya kama hannun babbar yarinyar, Mardiyya, wadda ke ta kallon wannan tsoho da ya kira Innarta da suna. Kafin su kai bakin titi ruwa ya kai musu idon sawu. Suka sami adaidaita da ƙyar.

Jingar ta fashe ana kiran la'asar, daidai wurin maɓuɓɓugar tsakiya. Mazan suka watse da gudu, Allah ya tsare babu wanda ya rasa ransa, Laminu ya iso gidan yayarsa ba hula ba takalmi. Washegari da aka shiga da kwale-kwale, gidan mai koren ƙyaure ya zauna, ɗakin da yaran ke kwana babu shi, sai rufin kwano a kan ruwa. Tattasan ya tafi duka, jajayen 'ya'yansa suna yawo a lungu.

Amma kafin wannan, a ranar da jingar ta fashe, suna zaune a tsakar gidan yayar Laminu ana ta shige da fice, Suwaibatu ta kawo wa mahaifinta ruwa a kwano ta durƙusa. Ya koma kallon ƙasa kamar da. Ba ta tashi ba.

"Baba," ta ce, murya can ƙasa, "wallahi na zaci ka manta shi."

Ya daɗe yana juya kwanon a hannu. "Ni na zaɓe shi," ya ce. "Sau ɗaya na taɓa faɗa, a kunnenki, ranar da na yi miki huɗuba. Kina barci, ba ki ji ba."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai yawa, shi kuma ya sha ruwan.

A shekarar ruwa ya haye kwalbatin gaba ɗaya, bai bar masa wurin zane ba, sai a jikin katangar wani masallaci da ke sama ya karce. Yana nan a rumfar 'yan gero har yanzu, ido ya ragu, sai an zura masa zare. In ka zauna zai ba ka labarin Taharƙa, kuma yanzu har ƙarshe yake kaiwa, har inda aka tafi da ɗan. Sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba, "ta Gashuwa" ce dai kamar kullum. Sai dai in damina ta yi nisa ruwa ya motsa a kwalbati, ba ya neman wanda zai aika. Lambarta yake dannawa da kansa, kuma ba ta taɓa bari ta yi ƙara sau biyu ba.